FILIN MATA: Bidiyon Gida, Daga Ɗauka Har Aikawa

  

To, ga shinkafa ta shigo gida, lokacin bukukuwa ya kama ke nan. Daga nan Augie har Argungu da Birnin Kebbi, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure ko an raɗa suna ba. A da in an shiga gidan biki, abin da a ke gani a hannun mata shi ne kwano da faifai da ƙunshin goro. Yanzu kuwa ko wace ta ɗaga waya sama tana ɗaukar bidiyo, har amarya ta rasa ta inda za ta sha iska. In biki ya watse sai a koma gida da waya cike maƙil, a yi ta faman tura wa Yaya da ke aure a Kaduna, ko ɗa da ke karatu a Sakkwato, abu ya ƙi tafiya, data ta ƙare, rai ya ɓaci. Wadda nata ya tafi kuma, wani lokaci sai ya zarce inda ba a aike shi ba, a koma ana da na sani.

Wasiƙu da saƙonni sun yi ta zuwa a kan wannan al'amari, waɗansu daga matan aure, waɗansu daga 'yan makaranta. Saboda haka yau za mu duba yadda a ke ɗaukar bidiyon gida, da yadda a ke tace shi, a rage masa nauyi, a aika, da kuma irin wanda ya kamata a bar shi a ɗaka.

Daga Majigi Zuwa Tafin Hannu

Ku tambayi kakanninku labarin majigi. A zamanin Turawa da na Jihar Arewa, mota ce ta kan zo gari da inji, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan magariba a nuna hoto mai motsi a kan noman auduga, ko tsabta, ko yaƙi da jahilci. Gwamnati ke ɗauka, gwamnati ke nunawa, talaka nasa kallo. Matan kulle kuwa sai dai su ji labari a bakin yara.

Daga baya kaset ya zo. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, wanda a ke lissafa shi farkon fim ɗin Hausa na bidiyo, mai ɗaukar hoto da ƙatuwar kyamara a kafaɗa kuma ya zama baƙon dole a bikin masu hali. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. A 2005 aka buɗe YouTube a Amurka, bidiyon farko da aka ɗora a kansa kuwa daƙiƙa 19 ne kacal, wani saurayi ne tsaye a gaban giwaye a gidan namun daji. A 2009 WhatsApp ya fito. Yau aikin da sai an ɗauko mota da inji da ma'aikata kafin a yi shi, ga shi nan cikin jakar yarinya 'yar aji uku. Wannan ci gaba ne, ba shakka. Amma wuƙar da ke yanka albasa ita ke yanka yatsa, sai an koyi riƙonta.

Gyara Tun Wurin Ɗauka

Da farko ku san cewa bidiyo ba wani abu ba ne illa hotuna masu yawa da ke bin juna da sauri. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 cikin daƙiƙa ɗaya, watau hoto 1,800 ke nan a minti guda. Wannan shi ne dalilin nauyinsa. Wadda ta kunna waya ta bar ta tana ɗauka tun shigowar 'yan kamu har fitarsu, ta tara wa kanta kayan da ba ta iya ɗauka. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

1. Tun daren jajibiri ki cika waya da caji, ki duba ko akwai fili a cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Ki goge idon kyamara da gefen mayafi mai laushi. Wayar uwar gida ba ta rabuwa da maiƙo da gari, yawancin hoton da ke fita dishi-dishi kuwa daga nan ne.

3. Ki ba haske baya. In a ɗaki ne, ke ki tsaya wajen taga ko ƙofa, hasken ya sauka a fuskar wadda ki ke ɗauka. In ita ce ta ba taga baya, baƙar inuwa kurum za ki samu.

4. Ki riƙe waya da hannu biyu, ki manna gwiwar hannu a jikinki, ko ki jingina wayar a kan turmi ko kujera. Kada ki jawo hoto da yatsa, gama yana dusashewa. Ki tako da ƙafarki ki matso.

5. Ki yanke shawara tun farko, a kwance za ki riƙe ta ko a tsaye. Abin da za a kalla a telebijin ko a adana don gaba, a kwance ya fi. Na sitatus kuwa a tsaye. Kada ki juya ta ana cikin ɗauka, sai masu kallo su yi ta karkata wuya.

6. Ki kula da sauti. Janareta da lasifika da iskar hunturu su ne abokan gāban murya. In tsohuwa ce ke yi wa amarya faɗa, ki matsa kusa da ita, domin maganar ta fi hoton daraja.

7. Ki riƙa ɗauka guntu-guntu, daƙiƙa 15 ko 20, ki tsayar, ki sāke. Haka zai sauƙaƙa miki aikin da ke gaba.

Tacewa

Ba wadda ta ke zuba shanshera a tukunya ta kai wa mai gida. Sai an surfa, an sheƙe, an tsince tsakuwa, an wanke. To, haka bidiyo ya ke. Abin da waya ta ɗauko a wurin biki shanshera ne: ga inda hannu ya yi rawa, ga inda aka ɗauki ƙasa da takalma, ga inda wata ta gitta, ga inda Gwaggo ta ke hamma. Tacewa ita ce fid da waɗannan a bar tsaba.

Ba lalle sai da kwamfuta ba. Kusan ko wace waya, in kin buɗe bidiyo a ma'ajiyar hotuna, za ki ga alamar almakashi ko fensir. In kin taɓa ta, sai hotunan su jeru a ƙasa kamar zare, ki jawo daga farko ki jawo daga ƙarshe, ki bar tsakiyar da ki ke so. Wadda ke son haɗa guntaye da yawa wuri ɗaya, akwai manhajoji irin su CapCut da InShot da KineMaster. Ana iya aiki da su kyauta, sai dai waɗansu su kan buga tambarinsu a gefen hoton, su kan kuma nuna talla.

Ga yadda za ki yi. Ki zauna ki kalli dukan abin da kika ɗauka sau ɗaya, ba tare da kin taɓa kome ba. Sa'an nan ki zaɓi guntayen da suka fito sosai, ki jera su bisa yadda abin ya gudana: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, kai amarya, buɗar kai. Ki yanke ko wane guntu daidai inda maganarsa ta ƙare. A farkon bidiyon ki rubuta sunan gari da rana da wata da shekara. Yau kina ganin ba za ki manta ba, amma bayan shekara ashirin jikoki za su yi gardama a kai. Bidiyon biki da ya wuce minti biyar, ba mai kallonsa har ƙarshe sai uwar amarya.

Abu biyu na ke roƙonku ku rage. Na ɗaya, ado. Manhajojin nan cike su ke da furanni da taurari da abin da ke mai da fuska fara fat. Wata ta kan shafa wa kakarta wannan har a kasa gane ta, tsagen fuskarta ya ɓace, alhali kuwa don a tuna kamanninta aka ɗauki hoton. Gishiri in ya yi yawa miya ta ɓaci. Na biyu, ɗora waƙar wani a kai. YouTube da Facebook suna da na'urar da ke gane waƙar da ke da mai ita, su kan kuma kashe sautin bidiyon ko su hana shi fita. Ban da wannan ma, guɗar ƙanwar uba da dariyar ƙawaye da addu'ar tsofaffi sun fi ko wace waƙar haya daɗin ji ga wanda ke nesa da gida.

In kin gama, ki adana sabon da wani suna, ki bar na asali yadda ya ke. Kada ki goge shi sai kin tabbata sabon ya buɗe, hoto da sauti suna tafiya tare.

Juyawa Da Rage Nauyi

Wata 'yar uwa ta rubuto tana tambaya, me ya sa bidiyo ya kan buɗe a wayarta, amma in an tura wa Innarta sai ya ƙi? Dalili shi ne mazubi. Fura ɗaya ce, amma ana zuba ta a ƙwarya, ana zuba ta a kwanon sha. Haka bidiyo ya ke da mazubai iri-iri, ana gane su da haruffan da ke ƙarshen sunan fayil. MP4 shi ne wanda kusan ko wace waya da kwamfuta da telebijin na zamani ke buɗewa. Wayar iPhone ta kan zuba nata a MOV. Ƙananan wayoyi masu maɓalli, irin na tsofaffi, da yawansu sun fi sabawa da 3GP. Juyawa ita ce sauya mazubin. In kina shakka, ki zaɓi MP4.

Sai kuma lambobin da za ki gani lokacin adanawa: 480, 720, 1080, da 4K. Waɗannan kamar yawan zare ne a saƙa. In zare ya yi yawa, zane ya fi kyau da santsi, amma ya fi nauyi. Minti ɗaya na 1080, yadda waya ta ɗauko shi, ya kan kai megabayit 100 ko fiye. Minti goma ke nan sun cinye gigabayit guda, gama gigabayit ɗaya kamar megabayit dubu ne. In an sauko da shi 720, nauyin ya kan ragu da rabi ko fiye da haka, a fuskar waya kuwa da ƙyar ido zai ga bambanci. In wadda za a tura wa tana ƙauyen da sabis ke wuya, 480 ya isa. Shi kuwa 4K, ku bar wa masu sana'ar fim.

Ku lura da abu ɗaya. Ana iya saukowa daga 1080 zuwa 480, amma ba a hawa daga 480 a koma 1080 a sami kyan farko. Kunun da aka tsinka da ruwa ba ya komawa kauri. Haka nan duk sa'ad da aka sauke bidiyo aka sāke matse shi, sai ya ƙara dusashewa. Don haka ne na ce a riƙe na asali.

Kaset Ɗin Auren Inna

A gidaje da yawa akwai kaset na bikin iyaye, ko na dawowar Alhaji daga Makka, yana can ƙarƙashin akwati tun shekarun 1990. Ku sani lokacinsa yana ƙurewa. A 2016 kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin kallon irin wannan kaset, ya daina. Injinan da suka rage tsofaffi ne, in sun lalace ba kayan gyara. Zaren kaset kuma ba ya shiri da zafi da ƙura da laimar damina, ya kan yi fumfuna ya manne. Faifan CD ma in ya karce ya tafi.

Saboda haka wadda ke da irin wannan, ta sa a nemi shagon da ke da inji mai aiki da kwamfuta a juye mata shi zuwa MP4. Aikin ba ya gaggautuwa, kaset na awa biyu sai ya ci awa biyu, domin sai ya juya daga farko har ƙarshe. A tura ɗan gida amintacce ya zauna a wurin, in an gama ya ga an goge kwafin da ya rage a kwamfutar shagon, ya karɓo kaset ɗin ya dawo da shi.

Aikawa Da Ɗorawa

In wadda za ki ba tana kusa, ba ki bukatar data ko kaɗan. Bluetooth ko Xender ko katin ajiya sun isa, bidiyon kuma zai isa da kyansa.

In tana nesa, WhatsApp ya fi sauƙi. Sai dai in kin tura ta hanyar da aka saba, shi da kansa ya kan matse bidiyon ya rage masa kyau. In kina so ya isa yadda ya ke, ki taɓa alamar maƙala, ki tura shi a matsayin fayil. Tun 2022 ana iya tura fayil har na gigabayit 2 ta wannan hanya, amma ki tuna ke da mai karɓa duk za ku biya da data. Da dare ko da asuba sabis ya fi sakewa, kamfanonin waya kuma su kan sayar da datar dare da araha.

In dangi suna da yawa, kuma a warwatse, ya fi sauƙi a ɗora sau ɗaya a YouTube a rarraba musu adireshin. Sabuwar mai ɗorawa ana ba ta har minti 15, in tana son fiye da haka sai ta tabbatar da lambar wayarta. A nan ne na ke so ku buɗe ido. Kafin bidiyo ya hau, za a tambaye ki wa zai gani, ƙofofin kuwa uku ne. Mai alamar duniya ita ce kasuwa, kowa da kowa na iya gani, har wanda ba ki taɓa jin sunan ƙasarsu ba. Mai alamar sarƙa ita ce zaure, sai wanda ke da adireshin, amma shi ma yana iya miƙa wa wani. Mai alamar kwaɗo ita ce ɗaka, sai wanda kika zaɓa da kanki. Bidiyon iyali ba na kasuwa ba ne. Ki duba sau biyu kafin ki danna.

Game da ajiya kuma, kada ki dogara da waya kaɗai. Waya ta kan ɓace, ta kan faɗa rijiya, a kan sace ta. Mu da ke zaune a bakin fadamar Rima mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonaki da gidaje a Jihar Kebbi, ruwa kuwa ba ya tambaya kafin ya shiga ɗaki. Abin da ki ke ƙauna ki ajiye shi wuri biyu: ɗaya a katin ajiya cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, ɗaya a intanet. Duk mai adireshin Gmail, Google na ba ta gigabayit 15 kyauta. Ki rubuta lambar sirrinki a inda ba za ki manta ba, kada kuma ki bar yaron shago ya zaɓa miki ita.

Mutunci Madara Ne

Yanzu mun zo kan abin da ya fi duk waɗancan nauyi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To, bidiyo ya fi magana, gama ita magana a kan musanta ta, a kan kuma manta.

Manyanmu suna tune da abin da ya faru a Kano a 2007. Wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya, na wata 'yar wasan fim, ya fita ya bi wayoyin mutane. Gari ya ɗauka, har aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni, mutane masu yawa suka rasa abin yi. A lokacin nan babu WhatsApp, babu TikTok, daga waya zuwa waya kurum ya yi ta tafiya. Ku kuma lura, mace ce sunanta ya fi shiga bakin duniya. Haka abin ya ke kullum, mu ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi. To, ina ga yau da bidiyo ke isa Legas da Yamai da Jidda kafin a sauke tukunya?

Kada alkawarin manhaja ya ruɗe ku. Gaskiya ne sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, amma mai kallo yana iya adana shi kafin nan. Gaskiya ne a 2021 WhatsApp ya kawo saƙon da a ke gani sau ɗaya, amma me zai hana a ɗauko wata waya a ɗauki fuskar wannan? Gaskiya ne ana iya janye saƙo bayan an tura, amma in an riga an miƙa shi gaba, janyewar ba ta bin sa. Abin da ya bar hannunki ya bar shi ke nan.

Saboda haka ga waɗansu ka'idodi da na ke fata ko wace za ta riƙe.

Ki nemi izini. A ɗakin amarya mata su kan yaye mayafi, su yi rawa, su yi wasa da dariya, domin sun san tsakaninsu ne. Matar da ta saki jiki a nan ba ta yarda maza a tasha su kalle ta ba. Sau nawa a ke samun rigima tsakanin miji da mata, ko tsakanin surukai, saboda bidiyon da wata ta sa a sitatus ba da mugun nufi ba? Ba wuya ba ne ki ce, "Yaya, kin fito a nan, in bar ki ko in yanke?" In ta ce a yanke, ki yanke, ba gardama. Uwar biki ma tana da ikon ta ce a ajiye waya a wannan ɗaki, kada kuwa a ga baƙinta.

Ki kāre yara. Kada a ɗauki yaro yana wanka ko ba tufafi, ko da jariri ne. Kada a nuna yarinya da rigar makaranta mai tambari, ga ƙofar gida, ga sunanta a rubuce. Mu a Kebbi ba mu manta da ɗaliban da aka sace a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a 2021 ba. Ban ce bidiyo ne ya jawo wancan ba, amma zamanin da mu ke ciki bai kamata uwa ta yi wa baƙo kwatancen inda 'yarta ke kwana da inda ta ke karatu ba.

Ki rufa wa dukiya asiri. Baje lefe da gwal da jeren ɗaki a gaban duniya gayyatar ɓarawo ne, yana kuma sa 'yar talaka ta raina abin da iyayenta suka iya yi mata.

Kada ki ɗauki majinyaci a gadon asibiti, ko gawa, ko wanda ya yi haɗari a hanya. In an turo miki irin wannan, ko wani abin da ke tona asirin 'yar wani, ya mutu a wayarki. Mai miƙawa gaba abokin tarayyar mai ɗauka ne.

In za a kai waya gyara, ko wurin caji, ko wurin masu tura finafinai, ki cire katin ajiya, ki sa mata makulli. In za ki sayar ko ki bayar, ki kwashe kayanki, ki sa a wanke ta sarai ta koma kamar sabuwa.

Ga 'Yan Makaranta

Ƙannena, wannan taku ce. Duk saurayin da ya ce ki turo masa bidiyon da ba za ki iya nuna wa Innarki ba, ba mai ƙaunarki ba ne, ko da ya rantse zai goge. Soyayya ta kan ƙare, waya ta kan sauya hannu, bidiyo yana nan. Yanzu ma har akwai manhajojin da ke ɗaukar fuskar mutum su ɗora a jikin wani, saboda haka yawan baza fuska a ko'ina ba wayewa ba ce. Facebook da TikTok su da kansu sun ce ba su yarda da wanda bai kai shekara 13 ba.

In kuwa har wani ya riƙe hotonki yana yi miki barazana, kada ki ba shi kuɗi, gama gobe zai dawo. Kada ki goge saƙonninsa, su ne shaida. Ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki ko malamar da kika amince da ita, a kai maganar gaban hukuma. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kāre sirrin ɗan ƙasa da na gidansa da na wayarsa, akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015. Ku kuma iyaye, in 'ya ta zo da irin wannan magana, a fara rufa mata asiri a tsaya mata, faɗa ya biyo baya. Tsoron duka shi ke sa yarinya ta yi shiru har abu ya lalace.

Abin Da Ya Cancanci Ɗauka

Kada wata ta ce na hana ɗaukar bidiyo. A'a, so na ke mu ɗauki abin da ya fi wanda mu ke ɗauka yanzu.

Ku dubi bikin kamun kifi na Argungu. An faro shi a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, alamar zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Duk wanda ya nema a intanet zai ga dubban maza da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada, ga giwan ruwa a kan sikeli. Madalla. Amma ina matar da ke gyara kifin ta yi banda? Ina mai turara shinkafa ta shanya ta yi gumi? Ina mai daddawa, da mai saƙar tabarma da faifai, da mai kitso irin na da? Baƙon da ya zo da babbar kyamara ba ya shiga cikin gida. Mu ke ciki, mu ke da wayar, in ba mu ɗauka ba ba mai ɗauka.

Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, yana ajiye da makamai da tambura da kayan sarauta. Amma muryar kakarki, da yadda ta ke tatsuniya, da yadda ta ke lissafa zuriyarku tun daga kakan kaka, da irin Hausarta ta Kabi wadda 'yan yanzu suka fara saki, ba gidan tarihin da ya ajiye su. Ranar da ta rufe ido sun tafi.

Masu sana'a a cikin gida su ma ga hanya. Mai ɗinki, mai turaren wuta, mai ƙuli-ƙuli, bidiyo na daƙiƙa 30 ya isa ya nuna kaya. A shimfiɗa farin zane inda haske ya ke, a nuna kayan da hannun mai yi, a faɗi kuɗinsu a fili. Ba dole sai fuska ta fito ba, mai saye kaya ya zo gani.

To, ga aikin wannan mako, musamman ga 'yan makaranta. Ki je wurin kakarki ko wata tsohuwa ta gidanku, ki durƙusa ki gaishe ta, ki nemi izininta. In ta yarda, ki zaunar da ita a inuwa inda ba hayaniya, ki jingina waya a kwance, ki tambaye ta garin da aka haife ta, da sarkin da ke kan gado a lokacin, da yadda aka yi bikinta. Ki bar ta ta yi magana, kada ki katse ta. Ki tace shi ya zama minti uku ko biyar, ki rubuta rana da shekara, ki ajiye wuri biyu. Sa'an nan ki nuna mata, ita ce za ta ce wa za a tura wa.

Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta ƙare, da abin da ya ba ta wuya, za mu amsa a wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan adana shinkafa da wake don kada ƙwari su shiga.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya shirya mana zuriya. Amin.

Taku har kullum,
Malamar Makaranta, Augie.